Wane suna zan raɗa wa fim ɗina?

Wata ƙanwarmu ce ta rubuto daga Gusau, ta ce: "Assalamu alaikum Malam. Na gama rubuta fim ɗina na farko, shafi 94. Labarin wata mata ce mai suna Hajara. Mijinta tela ne, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata uku da kishiya wadda ba ta haihu ba. 'Yan'uwansa sun matsa a sayar da gidan a raba gado tun ba ta fita takaba ba. A durowar keken ɗinkinsa ta tsinci littafin da yake rubuta bashi, sai ga shi babban wansa, wanda ya fi kowa kumfar baki a kan rabon, shi ne ya fi kowa cin bashinsa. Sunaye uku nake ta juyawa: Hajara, Rayuwa Kenan, da Gadon Marayu. Furodusan da na nuna wa ya ce a sa na Turanci, wai ya fi shiga. Wanne zan ɗauka? Sannan in na faɗi sunan a waje, wani zai iya sace min shi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Wanda bai taɓa zama ya cika shafi casa'in da wani abu ba, ba zai san wahalar da kika sha ba. Amma kada ranki ya ɓaci in na ce miki cikin sunayen nan uku babu wanda zan ɗauka. Sunan da ya dace da fim ɗinki yana nan kwance a cikin wasiƙar da kika aiko, kin ratsa ta kansa kin wuce. Bari mu fara da waɗanda kika kawo, don in kin ga inda kowanne ya gaza, ke da kanki za ki iya yi wa fim na biyu da na uku.

Rayuwa Kenan shi ne mafi rauni, kuma gwajinsa ba wuya. Ki ɗauki sunan ki ɗora a kan duk wani fim da kika taɓa kallo. Fim ɗin soyayya, ya hau. Na kishi, ya hau. Na ɗan kasuwar da ya karye, na almajirin da ya zama attajiri, na 'yan siyasa, duk ya hau. Rigar da ta yi wa kowa daidai a gari, to ba da awon kowa aka ɗinka ta ba. Akwai wasu kalmomi da marubutanmu suka tatse har sun ƙafe: rayuwa, duniya, ƙaddara, amana, sirri, nadama, haƙuri, zuciya. Akwai lokacin da nake duba wa wani kamfani rubuce-rubucen da ake kawo masa, sai in tarar da tuli a kan tebur, in na jera bangayensu kamar mutum ɗaya ne ya raɗa musu suna. Bayan kwana biyu in furodusa ya tambaye ni, "Wannan na Ƙaddara fa, ya ka gan shi?" sai na ce masa wanne daga ciki. Dalilin da ya sa muke faɗawa wannan rami shi ne muna ɗaukar jigon labari mu mai da shi suna. Jigo kuwa na kowa ne. Abin da yake naki ke kaɗai shi ne keken ɗinkin nan, da littafin nan, da matar da ke zaune a ɗaki ba ta da ikon fita ana cinikin gidan da take ciki.

Gadon Marayu ya fi shi, don aƙalla ya taɓa labarin. Sai dai yana da aibu biyu. Na farko a rubuce yake. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya, shi ya sa "gado" na kwanciya da "gado" na dukiyar mamaci suke fitowa iri ɗaya a takarda. A cikin jimla ba a ruɗewa, ma'ana na kama mutum. Amma suna shi kaɗai yake tsayawa a kan fasta, ba jimlar da za ta tallafe shi. Na san mafi yawa za su karanta shi daidai, amma ɗan iska ɗaya ya isa ya rubuta a Facebook, "mai rumfa ne ko ɗan ƙasa?", shi ke nan an mai da fim ɗin kuka abin dariya. Duk sunan da kika zaɓa, ki duba ko akwai irin waɗannan tagwaye a ciki: kuka, wuya, gari, fari. Wani lokacin harshen damon da gangan ake yin sa, ya kuma yi armashi, amma sai in ke kika shirya shi.

Aibu na biyu ya fi nauyi. Suna alkawari ne tsakaninki da mai kallo. Wanda ya ji Gadon Marayu zai zauna yana jiran ya ga ana azabtar da yara, ana hana su abinci, ana ɗora musu talla, daga ƙarshe su girma Allah ya ɗaukaka su. Ke kuma ba fim ɗin da kika rubuta ke nan ba. Naki na uwarsu ne. In mutum ya zo da yunwar tuwo kika ajiye masa dambu, ko dambun ya fi daɗi sai ya ce ba a ba shi abinci ba. Fina-finai da yawa da aka ce "ba su yi ba" lafiyarsu ƙalau, sunansu ne ya kira mutanen da ba nasu ba.

Saura Hajara. Za ki ce ai an sha sa wa fim sunan mutum, kuma gaskiyarki. Amma ki lura da abin da ya ɗauki waɗancan sunayen. Shehu Umar da Adamu Halilu ya mayar fim a 1976 ya tarar da sunan a bakin mutane, domin littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ya riga ya zaga makarantu. Mansoor na 2017 ya fito ne daga kamfanin Ali Nuhu, da fuskoki da waƙoƙin da suka yi masa talla tun kafin a haska shi. Fina-finan marigayi Rabilu Musa kuwa, da an ce "Ibro kaza" an gama ciniki, kalma ta biyu ado ce kawai. Wato sunan mutum ƙwarya ce wadda babu komai a ciki, sai an sami abin da ya cika ta: littafi sananne, ko tauraro, ko waƙa. Ko Sangaya da ya girgiza kasuwa a 1999, a kan waƙarsa sunan ya hau ya shiga gidaje. Ke a yanzu ba ki da ko ɗaya cikin ukun. Takarda gare ki, kuma mai karatunki na farko furodusa ne da ke da wasu rubutun guda goma a wayarsa. "Hajara" ba ta gaya masa ko na dariya ne, ko na aljanu, ko na soyayya.

Ga ma'aunin da na fi yarda da shi, kuma ba a littafi na koya ba. Ki je shagon masu turi da yamma ki tsaya minti goma. Za ki ga yaro ɗan shekara takwas ya shigo da memori a dunƙule a hannu, da ɗari biyu a ɗaya hannun, yayarsa ko babarsa ta aiko shi. Mai shago bai ɗago kai daga kwamfuta ba zai ce, "Me za a sa?" Yaron ya buɗe baki, ya tsaya, ya kalli rufi. "Wai... wannan na matar nan da mijinta ya mutu." Mai shago ba shi da lokacin tambaya, sai ya tura masa duk wanda ya fi kusa da hannunsa. An yi asarar mai kallo ɗaya tsakanin zaure da bakin titi. Haka abin yake tun zamanin kaset, lokacin da dillalai ke sauka Ƙofar Wambai a Kano da jerin sunayen da kwastomominsu suka faɗa musu da baki. Har yau da ake kallo a YouTube, fim ɗin Hausa a baki yake yawo: a gidan biki, a wurin kitso, a saƙon murya na WhatsApp. Sunan da ba zai iya zama a kan yaro daga gida zuwa shago ba, bai gama nuna ba.

To ina sunan naki yake? Na ga guda uku a wasiƙarki.

Na farko, Littafin Bashi. Abu ne da ake iya riƙewa a hannu, ana iya ɗaukar hotonsa a sa a fasta, kuma kowane Bahaushe ya san irin littafin: ɗan ƙaramin littafin makaranta mai bango ya yi laushi, an rubuta "Alh. wane, riga da wando, saura dubu uku", wasu an soke da jan biro, wasu ba a soke ba. Da jin sunan mutum ya san akwai wanda ake bi, akwai ranar tonon asiri. Matsalarsa ɗaya, ya danganta da inda Hajara ta tsinci littafin. In a shafi na 20 ko 25 ne, sauran fim ɗin kuma a kan abin da za ta yi da shi ne, to sunan ya zauna. In kuwa kin ɓoye shi sai shafi na 80 don ya zama abin mamaki, sunan ya fasa miki ƙwai tun a fasta. Mai kallo zai yi awa guda yana cewa "ki duba durowa mana", yana jin haushinta.

Na biyu, Wata Huɗu da Kwana Goma. Wannan agogo ne. Duk wadda ta ji ta san iddar mamaci ce, kamar yadda ta zo a aya ta 234 cikin Suratul Baƙara, ba sai an yi bayani ba. Sunan da ke ɗauke da wa'adi yana ja, don mutum na son ya ga me zai faru ranar da kwanakin suka cika. Abin da Kwana Casa'in na tashar Arewa24 ya ci moriya ke nan tun da ya fara a 2019: an ce maka saura kwana casa'in zaɓe, kai ma ka fara lissafi. Idan rubutunki ya ginu a kan cewa 'yan'uwan mijin suna rige-rigen sayar da gidan kafin ta sami damar fita ta kai ƙara, to wannan sunan ya faɗi fim ɗin gaba ɗaya. Sai dai kalma biyar ne. Mutane za su gutsure shi su ce "Wata Huɗu", ki tabbata kin yarda da gutsuren, don shi ne zai zama sunan gaskiya.

Na uku, wanda ni shi zan ɗauka da nawa ne, Tumunin Takaba. Kalma biyu, duka da "t" suka fara, harshe na faɗinsu ba tuntuɓe. Babu harafi mai ƙugiya ko ɗaya a ciki, zan dawo kan amfanin wannan. Magana ce da ke bakin mutane tun kafin a haife mu, amma ba a tsotse ta ba. Kuma ki dubi abin da ke cikinta. Tumuni ɗaya bisa takwas ne, rabon matar da mijinta ya bar 'ya'ya, kamar yadda aya ta 12 ta Suratun Nisa'i ta yanke. Hajara tana da kishiya, don haka tumunin ma raba shi za su yi, kowacce ta tashi da ɗaya bisa goma sha shida. In aka kasa gidan kashi 24, kuma mamacin bai bar iyaye ba, matan biyu suna da 3, 'ya'ya mata suna da 16, ragowar 5 na 'yan'uwansa ne. Kin ga a kan kashi biyar ɗin nan ake son a tashi mutum biyar daga matsuguninsu. Littafin kuma ya zo ya juya lissafin, domin bashin da mamaci yake bin wani yana cikin dukiyar da za a raba, sai an karɓo shi an haɗa. Mai yiwuwa abin da ake bin babban wa ya haura abin da zai samu. A farkon fim, mai kallo zai ji sunan a matsayin ɗan abin da aka tsakura wa mace. A ƙarshe ya ji shi da wata ma'ana. Sunan da ma'anarsa ke sauyawa tsakanin fitowar farko da ta ƙarshe shi ne wanda ake tunawa bayan shekara goma.

Wani zai ce samarin yanzu ba su san "tumuni" ba. Wasu ba su sani ba, amma "takaba" ta riƙe sunan, kuma ɗan abin da ba a gane ba yakan sa a tambaya. Sharaɗi ɗaya dai: in kika sa kalmar fiƙihu a suna, kin gayyato malamai kallo. Ki kai wa wanda ya san ilimin rabon gado rubutun ya duba miki. Na ji daɗi da kika ce 'ya'yan mata ne, don da akwai namiji ko ɗaya a cikinsu, 'yan'uwan mamaci ba su da ko sisi, rigimar taki ta rushe tun daga tushe. Na taɓa ganin an ɗauki fim har an gama a kan irin wannan kuskure, sai a ɗakin editin wani yaro mai haɗa sauti, wanda ya yi islamiyya da kyau, ya ce, "Ai ɗa yana katange baffa." Aka yi tsit.

Ba ki kawo karin magana ba, amma na san za a ba ki shawarar, don tsohuwar hanya ce a wurinmu. Ana yanko rabin karin magana a bar mai sauraro ya ƙarasa, kamar yadda Balaraba Ramat Yakubu ta yi da littafinta Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, kowa ya san ubangidansa yake bi. Daɗinsa shi ne mutum na jin kamar da shi aka raɗa sunan. Illarsa, karin magana hukunci ne, ya riga ya faɗi wanda zai ji kunya. A labari irin naki da ake son a yi ta zullumi, ban ga amfanin alƙali ya yanke hukunci a kan fasta ba.

Batun Turanci kuma, ki tambayi furodusan naki cikin ladabi: shiga ina? Wa zai kalli fim ɗin mace mai takaba? Matan aure ne, da zawarawa, da iyayenmu, a Gusau da Funtuwa da Azare, da Maraɗi da Damagaram inda bokonsu ma na Faransanci ne, da zangon Kumasi, da 'yan'uwanmu da ke Sudan da Saudiyya. Sunan Turanci ba abin da zai ƙara musu, sai dai ya sa yaron aiken nan ya ƙara kallon rufi. Akwai fim ɗin da Turanci ya dace da shi, kamar na 'yan jami'a ko na ma'aikatan banki a Abuja, inda mutanen cikinsa ma haka suke magana. Naki ba ya cikinsu. In ana hangen bukukuwan fina-finai na waje ko manyan manhajojin kallo, hanyar a buɗe take: sunan Hausa shi ne na yanka, a yi masa na Turanci daban a rubuta ƙarami a ƙasa. Kuma kada a fassara kalma da kalma, a ba wanda ya ji Turancin sosai ya nemo abin da zai yi wa baƙo aikin da na Hausa ya yi mana. Fasta mai ɗauke da gurguwar Turanci ta fi komai zubar da mutuncin fim.

Na ce zan dawo kan ƙugiya. Yawancin mutane ba su da ƙ da ɗ da ɓ a wayarsu, ko suna da su ba sa wahalar nema. Kalma ɗaya sai ki gan ta iri uku: Ƙaddara, Kaddara, Qaddara. A Nijar kuma ana rubuta ƴ inda mu muke sa 'y. Ba cewa nake ki guji haruffanmu ba, a fasta da cikin fim ki rubuta Hausa daidai, wannan ba abin sasantawa ba ne. Amma wanda zai ɗora a intanet ya sa har da rubutun da mutane za su buga a wajen nema. Sannan YouTube harafi 100 kawai yake ba wa suna, waya kuma tana datse shi tun kafin nan. In fim ɗin ya rikiɗe ya zama mai dogon zango, za a ƙara "zango na 1, kashi na 7" da sunan tasha. Dogon suna a nan yake shan wuƙa.

Abu ɗaya da ba a cika faɗa wa sababbi ba: ki tuna inda fasta take ƙarewa. Ana manna ta a bango, ruwa ya daka, ta faɗo a taka, ko mai tsire ya naɗe nama da ita. Saboda haka ni ba na sa sunan Allah ko yankin aya a sunan fim. Haka sunan gari na gaske, ko ƙabila, ko sarauta, in labarin na abin kunya ne. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, da ta tarayya, sunan ne abin da suke fara gani kafin su kalli ko minti ɗaya. Ba dole ba ne ki jawo wa kanki tambayoyi tun daga bakin ƙofa.

Yanzu tambayarki ta biyu, ta sata. Dokar haƙƙin mallaka rubutun take karewa, wato labarin yadda kika tsara shi da maganganun da kika sa a bakin mutane. Suna shi kaɗai, kalma biyu ko uku, ba a ɗaukarsa a matsayin aikin da wannan doka ke karewa, shi ya sa a Amurka aka yi fim mai suna Crash a 2004 alhali akwai wani Crash na 1996 da ba abin da ya haɗa su. Abin da manyan kamfanoninsu suka yi shi ne suka kafa rajista tsakaninsu, duk wanda ya shiga ya yarda da hukuncinta. Ta nan ne a 2013 kamfanin Warner ya hana a saki wani fim da sunan The Butler, saboda yana da wani gajeren fim mai wannan suna tun 1916, dole aka liƙa sunan daraktan a gaba ya koma Lee Daniels' The Butler. A Indiya ma ƙungiyoyin furodusoshi ne ke rajistar sunaye. Darasin da ke ciki a gare mu shi ne maganin rigimar suna yana hannun ƙungiya da sulhu fiye da kotu.

A Najeriya, dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, tana kare rubutunki tun daga lokacin da kika rubuta shi, ba sai kin yi rajista ba. Duk da haka Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa tana karɓar rajista, kuma takardarta shaida ce mai amfani ranar da aka ce wa ya riga wa. In fim ya yi suna har ya zama zango-zango ana buga riguna da shi, sai a yi wa sunan rajistar tambarin kasuwanci, wannan wani ofishi ne daban kuma aikin kamfani ne. Ke dai a yanzu, tsoronki ya fi kamata ya koma kan shafi 94 ɗin nan. Kada ki tura cikakken rubutu ta WhatsApp ga wanda ba ku yi komai a rubuce ba. Ki fara ba da taƙaitaccen labari na shafi ɗaya ko biyu.

Haɗarin da ya fi sata yawa shi ne karo. Ya taɓa faruwa da ni. Mun sa wa wani fim suna tun yana takarda, muka riƙe shi kamar sirrin sarauta, aka je lokeshan aka dawo, aka buga fasta. Saura kwanaki a saki tirela sai ga wani fim ya fito da sunan sak, harafi bai bambanta ba. Ba wanda ya saci na wani, karin magana ɗaya muka ɗebo daga rijiya ɗaya. Fastocin nan a ƙarƙashin gadon furodusa suka ƙare, muka sauya suna a gurguje da wani da har yau ba na son ji. Da mun yi bincike na rabin awa, mun kuma tambayi mutum biyu a masana'antar, da ba a yi wannan asara ba. Don haka duk wanda kika tsayar, har Tumunin Takaba ɗin da na ba ki, ki buga shi a YouTube da Facebook da TikTok, da ƙugiya da babu ƙugiya. Ki duba wajen marubutan littattafan intanet, don su ne suka fi kowa cinye sunaye, kuma masu karatunsu su ne masu kallonki. Ki tambaya a ƙungiyar marubuta da ta furodusoshi. In kin tarar wani tsohon littafi da ba a san shi sosai ba yana da sunan, ki nemi mai shi ku yi magana, ya fi a yi ta tsiya a kafafen sada zumunta daga baya.

Ki kuma shirya wa wannan: sunan da kika raɗa ba lalle ne ya kai ranar fitowa ba. Wanda ya zuba kuɗi yakan so ya yi huɗuba. Ba a kanki aka fara ba, fim ɗin da duniya ta sani da Pretty Woman a 1990 sunansa 3000 a takardar marubucinsa, adadin dalar da aka yi ciniki a kai a cikin labarin, Alien na 1979 kuma da Star Beast ya fara. Wani sauyin gyara ne, wani ɓarna. Abin da za ki iya shi ne ki sa a yarjejeniyarku cewa ba za a sauya suna ba sai an tuntuɓe ki, sannan ki je da sunan da ya fi ƙarfin a ture shi. Furodusa yana sauya suna ne galibi in ya ji na marubuci bai da gishiri. In kika shiga da Rayuwa Kenan, kin ba shi dama ya liƙa duk abin da ya ga dama, har da sunan waƙar da ba ta da alaƙa da labarin.

Kafin ki yanke, yi wannan. Ki ɗauki rubutun da biro, ki bi shi daga farko, duk wani abu da ake taɓawa da hannu, da duk maganar da wani ya faɗa da ta tsaya miki a rai, ki fitar a takarda. Mai yiwuwa akwai wata kalma a bakin kishiyar ko babban wan da ta fi duk nawa ukun, ni ban karanta ba, ke kika sani. Ki tace su zuwa uku. Sai ki sami mutum biyar da ba marubuta ba, kamar gwaggonki, da mai kitsonki, da ɗan acaɓan unguwarku, ki faɗa musu da baki, kada ki nuna a rubuce, kada kuma ki ba da labarin. Ki ce, "In kin ji fim mai wannan suna, na mene ne?" Kada ki tambaye su ko ya yi daɗi, don kunyarki za su ji su ce ya yi. Washegari ki koma ki ce su maimaita miki sunayen. Za ki ga ɗaya ya zauna, biyu sun zube.

A bangon rubutun ki sa sunan da manyan haruffa a tsakiya, sunanki a ƙasa, da kwanan wata da lambar gyara, ba zane ba fure. Sannan ki buɗe ki duba min a shafi na nawa Hajara ta ja durowar keken nan. In kafin shafi na 30 ne, ki saka Littafin Bashi cikin ukun da za ki gwada wa gwaggo. In bayan nan ne, ki cire shi. Allah ya sa albarka, ki gaida mutanen Gusau.